Bututun Ɗakin Habboba

Duk wanda ya zauna a layin masu gyaran firji na Sabon Garin Kano a zamaninmu ya san Sule Ƙanƙara. To, ni ne. Ba ni na raɗa wa kaina sunan ba, jama'a ne suka ga aiki suka kasa yin shiru. Firjin da masu shi suka riga suka yi wa salla suka lulluɓe da buhu, in aka kawo shi gabana da safe, kafin la'asar sai an sa guduma ake ciro nama daga cikinsa. Akwai wanda na gyara wa wata mai zoɓo, ta dawo tana roƙona in rage masa ƙarfi, wai kwalabenta na fashewa, maƙwabta kuma sun fara tari. Mutum irin wannan ya ji labarin ƙasar da rana ke dafa ƙwai a aljihun riga, an haƙo mai, gine-gine na tashi, kowa na neman sanyi ido rufe, zaman me zai yi a gida? Na ce wa matata Sudan ta daɗe tana jirana, ita ce dai ba ta sani ba.

Da na sauka a tashar Suk al-Shabi ta Khartum, sai na tarar har yanzu ba ta sani ba.

Wani mai farar hula da baki kamar zuma ne ya tare ni tun a Chadi, ya ce kamfaninsu na neman irina ruwa a jallo. Ya karɓi ɗan abin da ya rage a lalitata, wai na buɗe hanya, ya ce ina sauka zan ga mutum riƙe da kwali mai sunana. Na sauka, na duba gabas, na duba yamma. Mutane kamar ranar tashin kiyama, amma ba mai kwali. Na shiga tambayar sunan kamfanin da Larabcina na makarantar allo. In na buɗe baki sai mutane su nutsu kamar za a ta da salla, in na gama su fashe da dariya. Wani tsoho ma da na kai aya shafawa ya yi ya ce amin. Kamfani dai ba wanda ya taɓa jin sunansa.

Ga rana. Mu a Kano muna cewa ana zafi, ashe wasa muke yi. A Khartum in ka tofar da yawu ba ya isa ƙasa. Takalmina na roba ya kama kwalta a ranar farko, har yau rabinsa na can.

Haka Sule Ƙanƙara ya koma ɗan dako. Ina ɗora buhunan albasa da gadaje da akuyoyi a kan manyan motocin da ke tafiya yamma, ina kwana kan kwali a bakin wani shago. In na samu na kira gida, sai in ce wa matata muna kan tattaunawa da kamfani. Amma na sa wa raina abu guda: ba zan koma Kano da wannan labari ba, sai na kama sana'ata ko da farce ne.

Wata rana wani buhu ya kuɓuce ya faɗo mini a kan yatsa. Na zauna na zage shi tas, shi da gonar da aka shuka shi. Sai na ji murya daga bayana.

“Wa kake zagi da harshen iyayena?”

Na waiga. Wata dattijuwa ce mai shayi a gindin bishiya, ta jera ƙananan kujeru da kwalaben citta da kirfa, turare na hayaƙi a gefenta. Wallahi da na ji Hausa sai da idona ya kawo ruwa, na ce hayaƙin ne. Sunanta Hajja Amna, daga unguwar Mayo take fitowa kullum. Kakanta ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya a Jazira ya ɗan ciri auduga ya samu guzuri, audugar ta riƙe shi har jikoki. Hausarta irin wadda rabona da ita tun kakata na da rai, tana cikin magana ta zame cikin Larabci, ta sake fitowa kamar ba ta je ko'ina ba.

“Zauna, ɗan Kano. Sha shayi. Cire hannunka daga aljihu, na san babu kome a ciki.”

Daga ranar kujerarta ta zama fadata. Ita tana ba ni shayi da zalabiya, irin fankensu, ni ina biyan ta da labarin firji. Wata safiya ta ajiye ludayi ta dube ni.

“In rabin abin da kake faɗa gaskiya ne, dako bai kamace ka ba. Ƙanen marigayi mijina, Usta Bashir, yana ɗaura mukayyif a Omdurman, na'urar sanyin nan ta ɗaki. Mai taya shi ya tafi Saudiyya. Na aika masa na ce kai babban usta ne, gwanin sana'a, a garinku. Bashir bai taɓa jin ƙarya daga bakina ba, ɗan Kano. Kada ka sa ya fara.”

“Inna, ki kwantar da hankalinki. Shi ma zai ƙaru.”

Na hau mota na haye gada. Daga sama na ga inda manyan kogunan garin guda biyu suke haɗuwa, fari da baƙi, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kowa da launinsa. Na ce haka za mu yi da wannan usta.

Na zaci zan ga ƙato. Sai ga wani ɗan siririn mutum, gajere, mai furfura a gemu, yana goge sifana da tsumma kamar mai yi wa jariri wanka. Kowane ƙarfe na aikinsa yana da nasa ƙyallen. Ya saurare ni har na gama tarihin mai zoɓo bai ko yi murmushi ba.

“Ka taɓa ɗaura mai rabi biyu, ya zol?” Haka suke kiran mutum, ya zol.

“Usta, a gidajen manya ma kuwa.”

Gaskiya a gidajen manya na gan ta, daga bakin ƙofa. Ni firji na sani da tsohuwar na'urar nan da ake cusawa a taga. Ita wannan rabinta ɗaya a cikin ɗaki yake, ɗaya a waje, bututun jan ƙarfe guda biyu ne ke haɗa su, siriri da mai kauri. Gas ɗin yana kulle a injin waje, ba a sakinsa sai an gama haɗa bututun. In haɗin ya yi kyau, ɗaki ya yi sanyi shekara da shekaru. In akwai kafa ko kamar ta allura, gas ya sulale, ka ɗaura wa mutum akwatin ado.

“Gobe akwai aiki ɗaya,” in ji shi. “In hannunka ya yi, ka zauna, akwai gado a bayan shago. In bai yi ba, ka kai wa Hajja gaisuwata.”

Gidan yana cikin tsohuwar unguwa a Omdurman, lungu a cikin lungu, katangun ƙasa, tsakar gida mai faɗi da darbejiya, da randunan ruwa a jere a inuwa suna zufa. Maigidan wani malamin makaranta ne, Ustaz Mu'awiya. Su ma jikokin Hausawa ne, amma Hausarsa ta tsaya a gaisuwa, sai Usta na fassara mini. Mahaifiyarsa, wadda kowa a lungun ke kira Habboba, wato kaka, an yi mata aiki a asibiti, kuma a ranar da la'asar za a sallamo ta. Likita ya ce zafi ba zai bar ciwon ya warke ba, shi ne wani ɗanta da ke Jidda ya aiko da na'urar.

Ni da na dubi ɗakin na ga aiki mai sauƙi. A huda bangon baya, a kafa injin waje a nan, bututu ya miƙe kamar sanda, a tashi. Usta ya dubi bangon. Ya taka tsani ya leƙa bayan ɗakin, ya daɗe, ya sauko.

“Ba a nan ba.”

“Don me, Usta?”

“Ƙetaren wannan gajeriyar katanga rumfar maƙwabci ce, Ammu Attahir. A nan iyalinsa ke fitar da gadaje su kwana. Injin nan wuta yake hurawa ta baya. In sanyaya tsohuwa ɗaya in gasa gida guda?”

Sai ya zaɓi bangon gefe, mai kallon lungu. Wannan ya sa dole bututun su zagaya kusurwar ɗakin, kuma da ya auna, sai ya ga bututun da suka zo tare da na'urar sun kai cif, ba ragi ko na ɗan yatsa.

Na ga aiki a safiyar nan. Ramin da ya huda a bango ya karkatar da shi waje don ruwa ya bi hanyarsa. Bakin kowane bututu ya naɗe shi da salatif kafin ya tura shi cikin ramin, wai ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta kashe inji. Ba ya sauri, amma ba ya yin abu sau biyu. Ni kuwa ina miƙa kaya ina ba Ustaz labarin Kano, yana gyaɗa kai don ladabi. Amma a raina ina ta lissafi. Rana na hawa, ni ban taɓa kome ba sai tsani. In aka tashi a haka, me Usta zai ce ya gani a hannuna?

Ana cikin haka, hantsi ya ɗaga sosai, sai Ustaz ya tafa hannu ya ce fatur. Karin kumallonsu ke nan, a tsakiyar aiki suke yinsa. Usta ya ajiye abin da ke hannunsa nan take, kamar an ɗauke wuta.

“Taho, ya zol.”

“Usta, na ƙoshi. Ku ci kawai.”

“Fatur ne fa.”

“Alhamdu lillahi, cikina cike yake.”

Mu a layinmu, sabon ma'aikacin da ya ruga wurin kwano a ranar farko an gama karanta shi. Wanda ya ce ya ƙoshi ya ci gaba da aiki, shi ne ɗan halak. Na ce yau zan nuna wa mutanen Sudan tarbiyyar Kano. Usta ya dube ni wani iri, ya bi Ustaz zuwa zaure. Bai ce kada in taɓa kome ba, don bai taɓa faɗo masa a rai cewa akwai ɗan Adam da zai yi aiki lokacin fatur ba.

Suna ɓacewa na naɗe hannun riga. Siririn bututun na kama shi na zagaya da shi kusurwa, ya bi ni kamar ɗan akuya, irin na firji ne, mun san juna. Na ce to, saura yayansa. Na kama mai kaurin na ja, ya ƙi. Na ce ni? Ni da na yi wata da watanni ina ɗaga buhun albasa? Na sa gwiwa a tsakiyarsa na fizgo da ƙarfi.

Bai yi ƙara ba. Sallamawa kawai ya yi, ya ninke kamar karan dawa, cikinsa ya manne. Na yi maza in miƙe shi, sai ga tsaga ta buɗe a gefen ninkin tana yi mini dariya. A cikin zafin nan na ji sanyin da ban taɓa sa wa firji ba. Fuskar Hajja Amna ce ta fara zuwa mini, sannan buhunan albasa. Na jawo baƙin soson da ake sa wa bututu riga da shi, na rufe wurin, na tsaya ina fito.

Sai ga su sun dawo su uku, Usta da Ustaz da wani tsoho mai ƙaton rawani, shi ne maƙwabcin, Ammu Attahir. Na ce a raina, kai, mutanen nan akwai saurin ci.

“Ba mu ci ba,” in ji Usta. “Muna zaune muna kallon tire. Ammu ya ce ko an yi maka laifi ne a gidan nan. Matan gida na tambaya ko abincinsu ne ba ka so.”

Ashe a wurinsu ba a sa hannu a kwano alhali akwai mutum a cikin gida yana tsaye. Abin da na ɗauka tarbiyya ce, su a wurinsu mari ne. Tsohon ya kama hannuna da hannu biyu yana ta magana, ni kuwa hankalina ba ya wurinsa, don Usta ya matsa kusa da bango. Ya ɗora tafin hannu a kan soson yana shafawa a hankali, yana tafe, yana tafe, har ya zo daidai wurin. Ya tsaya. Ya ɗan matsa da babban yatsa. Ya dube ni, na dubi darbejiya.

“Wanke hannunka,” in ji shi. “Ful na hucewa.”

Ban taɓa cin abinci mai daɗi da wuyar haɗiya irin wannan ba. Ƙaton kwano ne na waken da suke kira ful, an dame shi da man riɗi da cuku da albasa, ga burodi mai zafi. Ba wanda ya ta da zancen bututu. Ammu Attahir sai turo mini ƙwai da cuku yake yi gabana, in na ɗaga hannu ya ce ci, in na ci ya ce ƙara. Ni da na ce na ƙoshi, ni na sharce kwanon. Kunya ba ta taɓa hana ni ci ba, wannan baiwa ce daga Allah.

Sai da aka sha shayi Usta ya zare soson a gaban kowa. Ustaz ya dafe kai. Usta ya yanke wurin da ya lalace, ya auna, bututu ya gaza da kusan taƙi guda. Irin wannan kaurin babu shi a shagonsa, mai sayar da wanda ya yarda da shi kuma yana can Khartum. Kafin a je a dawo ta cunkoson gada, an riga an kawo tsohuwa ɗaki mai zafi kamar tanda.

Na ga ƙofar tsira. “Usta, mu mai da injin bangon baya mana. Abin da ya rage ya isa har da ragi.”

Da aka fassara, Ustaz ya dubi bangon baya, ka san ransa ya so. Ammu Attahir kuwa ya buga ƙirji ya ce a kafa, Habboba uwarsu ce su duka, za su janye gadajensu. Na ce shi ke nan, mai rumfa da kansa ya yarda.

Usta ya girgiza kai. “Ammu, yau kunya ce ke magana a bakinka. Bazara kuwa doguwa ce. Kowace rana matarka za ta tashi cikin gumi ta tambayi wane ne ya ɗaura wannan abu, a ce Bashir. Ba zan ɗaura ba.”

Tsohon ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ɗaga murya ya kira matarsa ta kan katanga. Daga nan magana ta shiga lungu. Mata na miƙa ta daga katanga zuwa katanga, cewa ɗakin Habboba na neman taƙi guda na jan bututu. Jama'a, na ga abin mamaki. Wani ya kawo bututun famfo. Wata ta aiko da robar tukunyar gas. Wani bawan Allah ya ciro ƙafar gadon ƙarfe ya taho da ita a kafaɗa. Usta yana karɓar kowanne da hannu biyu, ya duba da gaske, ya yi godiya, ya mayar. Can sai ga ladanin masallacin unguwa yana tafe da wani guntun jan ƙarfe da ya yi baƙi, wai ragowar aikin da aka taɓa yi musu ne, ya ajiye a saman ƙofa.

Na ce wannan ai ya sha ƙurar duniya. Usta ya juya shi ya dubi bakunan. Duka biyun an matse su da filaya an naɗe, ko iska ba ta shiga. A karo na farko na ga haƙoransa.

“Ni na yi aikin masallacin nan,” in ji shi. “Ba na barin bakin bututu a buɗe, ko wanda zan yar ne.”

Da ya yanke bakin, cikin yana ƙyalli kamar yau aka ƙera shi. Ya buɗa bakin guntun kaɗan, ya zura bakin bututunmu a ciki, ya naɗa jiƙaƙƙen tsumma a gefe, ya kunna wutar walda. Ya bi haɗin da harshen wuta har ya yi ja, ya taɓa sandar walda, ta narke ta zagaye wurin da kanta kamar an kira ta. Da ya huce, sai ya ɗauki bututun ya nufi randunan ruwa. Na zaci sanyaya shi zai yi. Sai ya zaɓi babbar, ya kwantar da bututun a kan cikinta, ya shiga danna shi da manyan yatsunsa, kaɗan a nan, ya gusa, kaɗan a can, ya gusa. Ƙarfen da ya ƙi gwiwata ya bi cikin randa ya fito da lanƙwasa kamar jinjirin wata, ko'ina faɗinsa ɗaya. Randar ƙasa ce fa, ko tsagewa ba ta yi ba. Na tsaya baki buɗe har ƙuda ya leƙa.

Ni na riga na sallama. Ina tunanin yadda zan gai da Hajja Amna ba tare da na dubi idonta ba, sai na ji an sa mini ƙarfe a hannu. Abin buɗa bakin bututu ne, wanda ke mai da shi kamar bakin algaita don ya zauna daidai a kan injin.

“Kai za ka haɗa.”

“Ni, Usta?”

“Akwai wani ɗan Kano a nan?”

Na kama. Har na ɗaura zan murɗa sai na ji ya yi tari. Na ɗaga kai, yana riƙe da noti tsakanin yatsu biyu yana kaɗa shi. In ka buɗa baki ba ka zura noti ba, ba ya shiga, sai an sake yankewa, mu kuwa ba mu da abin yankewa. Na zura, na buɗa, ya karɓa ya duba a hasken rana, ya shafa da farce, ya miƙo mini. Na daidaita bakin a kan injin.

“Da yatsu tukuna. In ya ƙi yatsu, ba ƙarfi yake so ba, a karkace yake.”

Na murɗa da yatsu har ya zauna. Ya ba ni sifana biyu, ɗaya ta riƙe, ɗaya ta ɗaure, ya ɗora yatsunsa biyu a wuyan hannuna kamar mai duba jini. Na ja. Na ƙara. Jikina duka na cewa saura, ɗan albasa, saura.

“Bas. Ya isa.”

Na tsaya cak. Haka muka bi sauran haɗin ɗaya bayan ɗaya, yatsunsa a hannuna. Ya ɗaura injin da ke zuƙe iska daga cikin bututun, muka bar shi yana gurnani muka yi azahar. Ina cikin salla, Allah Ya yafe mini, rabin zuciyata na kan allurar agogon awo. Da muka dawo ya kashe injin ya zauna yana kallon allurar. Ba ta motsa ba. Ya saki gas, muka ji ya shiga da huci. Ya aika aka karɓo sabulu daga kicin, ya kaɗa kumfa a kofi, ya shafe kowane haɗi, har da waldarsa shi kansa. In akwai kafa, kumfar za ta kumbura ta fashe. Rabin lungu na tsaye a bayanmu, ba mai tari. Kumfa ta kwanta lakadan.

Ustaz ya danna makunnin na'urar. Jim kaɗan babban bututun ya fara raɓa, sanyi ya sauko daga bango. Mutanen da suka kawo ƙafar gado da robar gas suka yi layi, kowa ya shiga ya tsaya a ƙarƙashi ya ce ma sha Allah ya fito.

Da la'asar mota ta tsaya a bakin lungu, mata suka rangaɗa guɗa. Aka shigo da Habboba a kan kujera, 'yar tsohuwa kamar tsinke, aka kwantar da ita. Ta lumshe ido ta yi ajiyar zuciya. Da aka gaya mata akwai baƙo daga Kano, ta ce a kawo shi. Ta riƙe hannuna, ta yi magana da Hausa tsantsa, ba ko digon Larabci.

“Ɗan wa ne kai? Dala tana nan? Ubana kullum sai ya yi zancenta, ya rasu bai koma ba.”

“Tana nan, Kaka, ta ma ƙara tsawo.”

Ta yi dariya har ta dafe ciwonta, ta sa mini albarka, ta sa wa uwata, ta sa wa Kano. To ni albarka tana hawa mini kai. Kafin a ankara na fara ba ta labarin yadda bututu ya so ya gagare mu, yadda na dube shi na ce ba a haifi ƙarfen da zai kunyata Sule ba, yadda na ba da shawarar randa. Usta yana tsugune yana naɗe sifanunsa ɗaya bayan ɗaya, bai ɗaga kai ba.

Muka fito, ni da tsani a kafaɗa, shi da jakarsa. Muka yi tafiya mai nisa ba wanda ya ce uffan. Tun da aka haife ni ban taɓa yin shiru mai tsawon wannan ba. Da muka iso bakin titi na kasa daurewa.

“Usta, in kai wa Hajja gaisuwar?”

“Ni zan kai mata da kaina ranar Juma'a. Gadon yana bayan shago, ka kakkaɓe shi. Da na ce bas ka tsaya. Ana iya koya wa irin wannan hannu.”

Na ji kamar in ajiye tsani in yi rawa a titi. Na gyara murya na ce, “Ai na gaya maka, Usta. Ka ga haɗin nan kuwa? Ko kumfa ɗaya ba ta tashi ba.”

Ya tsayar da mota, ya sa ƙafa ɗaya a ciki, sannan ya waigo.

“Na gani, ya zol. Na bi gidan nan kaf da sabulu, ban sami inda ke yoyo ba sai bakinka.”